Motsin jarirta da ya ƙi gushewa: jira, asibiti, atisayen intanet ko mai tausa?

Iyayen da ɗansu ya kai wata tara bai zauna ba, ko ya shiga firamare yana yawan tuntuɓe, riƙon fensir kuma ya gagare shi, ba sa rasa masu ba su shawara a birnin Kano. Kaka za ta ce a ƙyale shi, ubansa ma haka ya yi nauyin ƙafa. Maƙwabciya za ta yi kwatancen wata mai tausa. Ma'aikaciyar da ke awon yara za ta ce a kai shi ga likita. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙarin murya, wato bidiyoyin YouTube da TikTok da ake turowa ta WhatsApp, masu cewa tushen matsalar motsin jarirta ne da ya ƙi gushewa, kuma akwai atisayen da ke kawar da shi. Kowace hanya tana cin kuɗi ko lokaci, wata ma duka biyun, saboda haka ya dace a auna su kafin a kama ɗaya.

Abin da ake magana a kai

Ana haihuwar jariri da wasu motsi da yake yi ba da niyya ba, waɗanda ƙasan ƙwaƙwalwa da laka ke gudanarwa tun saman ƙwaƙwalwa bai gama nuna ba. Idan aka shafi kumatunsa sai ya juyo da baki yana laluben nono, idan aka sa yatsa a tafin hannunsa sai ya damƙe, idan kuma kansa ya ɗan sulluɓe baya ko aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, ya ware hannuwa, sannan ya dawo da su ƙirji. Wannan zaburar ita ce likitan yara Ernst Moro ya bayyana a 1918, har ake kiranta da sunansa. Akwai kuma motsin juya wuya: jariri yana kwance rigingine, da fuskarsa ta juya dama sai hannun dama ya miƙe, na hagu ya lanƙwashe, kamar maharbin da ya ja baka.

Kowane ɗaya yana da lokacin tafiyarsa. Takun da jariri ke yi idan aka tsayar da shi yakan ɓace wajen wata 2, laluben nono wajen wata 4, zaburar Moro da damƙar hannu da motsin juya wuya tsakanin wata 4 zuwa 6, damƙar yatsun ƙafa kuwa takan kai wata 9 zuwa 12. A gurbinsu sai motsin kare kai ya bayyana, ta yadda ɗan wata 8 ko 9 da aka karkata shi gaba zai miƙa hannuwa ya tare ƙasa. Idan na farko suka zauna da ƙarfinsu bayan lokacinsu ya wuce, sukan tare hanya. Yaron da hannunsa ke miƙewa dole duk sanda ya waiga ba zai iya haɗa hannu biyu a kan abin wasa ba, ba zai kai loma baki yana kallonta ba, kuma hannun da ya miƙe zai hana shi birkicewa. Wanda zabura ba ta sake shi ba kuwa, da ya ɗan yi tangaɗi a zaune sai hannuwansa su tashi sama maimakon su dafa tabarma.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan motsi alama ce, cutar tana wani wuri. A ƙasar nan, manyan abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwar jariri sun haɗa da doguwar naƙuda da ta sa aka haife shi bai yi kuka ba, da shawara mai tsanani a makon farko, da haihuwar bakwaini, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Irin wannan rauni shi ke haifar da shanyewar gaɓoɓi da likitoci ke taƙaitawa da CP, kuma motsin jarirta da ya ƙi gushewa yana cikin alamominta na farko.

Sai dai yara iri biyu ne ake cakuɗawa a wannan magana. Akwai jaririn da motsin ya ɗaure shi a fili, akwai kuma ɗan makaranta mai tafiya da gudu, wanda sai an sa shi ya yi tsayuwar rarrafe, an juya masa kai gefe, sannan a ga gwiwar hannunsa ɗaya ta ɗan saki. Bincike ya nuna cewa irin wannan ɓurɓushi ya fi yawa a tsakanin yara masu wahalar karatu ko rashin natsuwa, amma ana samunsa a jikin lafiyayyun yara ma, kuma zuwan abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne ko hanyar tana gano sanadin jinkirin. Na biyu hujja, wato ko an gwada hanyar a kan yara masu yawa an ga amfaninta. Na uku kuɗi, kuma a nan dole a lissafa kuɗin adaidaita sahu da yinin da uwa ko uba zai bar sana'arsa, domin su ne ke karya iyali ba kuɗin kati ba. Na huɗu sauƙi da ɗorewa, wato ko gida zai iya riƙe abin tsawon watanni, kuma ko abin da yaro ya samu zai zauna. Na ƙarshe haɗari, wanda ya haɗa da asarar lokaci, tunda shekaru biyun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo.

Jira da lura a gida

Kaka ba ta rasa gaskiya ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda aka yi a kan lafiyayyun yara a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ya nuna faɗin tazarar da ke tsakanin yara: zama ba jingina daga kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya ba riƙo daga wata 8 zuwa kusan wata 18, kuma kimanin 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam. Bakwaini kuma ana cire masa makonnin da ya rage a ciki har ya shekara biyu, don haka wanda aka haifa da wata bakwai, idan ya kai wata takwas a duniya, ma'aunin ɗan wata shida ake yi masa.

Jira mai amfani yana da aiki a cikinsa. Hukumar ta ba da shawara a 2019 cewa jaririn da bai fara rarrafe ba ya riƙa samun aƙalla minti 30 a yini yana kife a kan ciki, a rarrabe, yana farke kuma ana kallonsa, barci kuwa a rigingine. Ta kuma ce kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a lokaci ɗaya, har da goyo. Goyo yana da alfanunsa, amma yaron da ya yini a baya bai sami ƙasan da zai yi birgima ba. Tabarma mai tsabta, murfin kwano mai ƙara, da yayye masu jan hankalinsa sun isa kayan aiki. Ranakun rigakafi na mako 6, 10 da 14, da na wata 9 da 15, dama ce ta tambayar ma'aikaciya ko yaro yana kan hanya.

Wannan hanya kyauta ce, kuma ita ce mafi sauƙi. Aibinta shi ne ba ta gano komai, kuma ga yaron da ke da alamar rauni sai ta koma jiran gawon shanu.

Likitan yara, sannan sashen gashi

Nan ne kaɗai ake amsa tambayar farko, wato mene ne sanadin jinkirin. Likita zai tambayi yadda ciki da naƙuda suka kasance, ko jariri ya yi kuka da aka haife shi, ko idonsa ya yi rawaya, ko ya taɓa jijjiga. Zai auna zagayen kai da nauyi, ya lanƙwasa gaɓoɓi ya ji taurinsu ko sakinsu, ya jawo yaro daga kwance ya ga ko kai yana biyowa, ya duba gani da ji. Akwai gwajin Hammersmith, wanda ake yi wa yara daga wata 2 zuwa 24 cikin 'yan mintoci ba tare da na'ura ba, kuma idan aka haɗa shi da tarihin haihuwa da hoton ƙwaƙwalwa ana iya gane CP tun yaro bai kai wata shida ba. Sau da yawa kuma binciken yakan kai ga wani abu dabam da ke da magani kai tsaye, kamar tamowa, ƙarancin jini, laushin ƙashi saboda ƙarancin kalsiyam, ko gocewar ƙugu. Zabura ta hannu ɗaya kaɗai tana iya nuna rauni a jijiyar kafaɗa ko karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa lokacin haihuwa. Zabura mai zuwa a jere, musamman da tashi daga barci, tana iya zama nau'in farfaɗiyar jarirai da ke bukatar magani cikin gaggawa, kuma babu bidiyon da zai bambance wa uwa wannan.

A Kano ana iya farawa daga asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin ƙwaƙwalwar yara da sashen gashi, wato inda ake gashin ƙashi da horar da gaɓoɓi, Asibitin Ƙashi na Dala kuma ya fi dacewa idan magana ta kai ga ƙashi, gaɓa ko takalmin gyaran ƙafa.

Iyaye da yawa sukan zaci aikin mai gashi shi ne ya kwantar da yaro ya yi ta murza masa ƙafa. Nazarin da Iona Novak da abokan aikinta suka wallafa daga Ostireliya a 2013, suka sabunta a 2020, ya nuna cewa abin da ya fi amfanar yara masu CP shi ne horon da yaro ke yin motsin da kansa don cim ma wani abu takamaimai. Misali, idan burin shi ne zama, sai a zaunar da shi a tsakanin ƙafafun uwarsa, a riƙe ƙugunsa kawai, a ajiye abin wasa ɗan nesa a gefensa domin ya miƙa ya dawo, sannan mako bayan mako a riƙa sassauta riƙon. Idan hannu ɗaya ne ya yi rauni, akan rufe mai lafiyar na wani lokaci don a tilasta wa ɗayan aiki. Juya gaɓoɓin yaro yana kwance bai yin komai kuwa hujjarsa ba ta da ƙarfi. Saboda haka ma'aunin mai gashi na gari shi ne ya faɗi burin da ake nema, ya koya wa uwa abin da za ta maimaita a gida kullum, ya kuma sake aunawa bayan wani lokaci.

Kuɗin kowane zuwa a asibitin gwamnati bai kai na asibitin kuɗi ba, kuma masu rajistar inshorar lafiya ta jihar Kano (KSCHMA) ko ta tarayya (NHIA) su tambayi abin da tsarinsu ya ɗauke musu. Hoton ƙwaƙwalwa ne mai tsada, amma ba kowane yaro ke bukatarsa ba. Wahalar tana wajen sammako, layi, da ɗauko yaro mai nauyi daga Kurna ko Sheka mako bayan mako, abin da ke sa iyalai da yawa yankewa a tsakiya. Mai hali yana iya ɗaukar mai gashi ya riƙa zuwa gida, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma yana da fa'idar cewa horon zai gudana a kan tabarmar da yaro ke zama da dakalin da zai hau. A nan sai a nemi ganin lasisinsa na MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashi rajista a Najeriya, domin ba duk mai farar riga ne ya karanci aikin ba.

Atisayen kawar da motsin jarirta

Waɗannan tsare-tsare suna da tarihi. Peter Blythe ya kafa cibiyar INPP a garin Chester na Ingila a 1975, Svetlana Masgutova ta fito da tsarin MNRI, likitan ƙwaƙwalwa Harald Blomberg na Suwidin kuma ya yaɗa atisayen jijjiga jiki a hankali. Tunaninsu ɗaya ne: a sa yaro ya maimaita motsin jarirta na 'yan mintoci kullum, tsawon watanni har zuwa shekara, da fatan ƙwaƙwalwa za ta kammala abin da ta tsallake.

Adalci ne a ambaci hujjarsu mafi ƙarfi. A 2000 mujallar Lancet ta buga gwajin da Martin McPhillips da abokansa suka yi a Belfast a kan yara 60 'yan shekara 8 zuwa 11 masu wahalar karatu, inda waɗanda suka yi atisayen suka sami raguwar motsin juya wuya da ci gaba a karatu fiye da sauran. Amma yara 60 da aka raba gida uku ba su da yawa, kuma mafi yawan binciken da ya biyo baya ƙanana ne, wasu ma masu koyar da tsarin ne suka gudanar da su. Akwai kuma darasi daga baya: tsarin Doman da Delacato, wanda shi ma ya ginu a kan maimaita rarrafe da jan ciki, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bayyana a 1982 da 1999 cewa ba shi da hujja, kuma yana ɗora wa iyali nauyin da ya fi ƙarfinsu. Ko asalin tunanin ma bai tsira daga tambaya ba, domin masaniyar ci gaban yara Esther Thelen ta nuna a shekarun 1980 cewa takun jariri da aka ce ya ɓace yana dawowa idan aka tsoma ƙafafunsa cikin ruwa, wato nauyin cinya yana da hannu a ɓacewarsa, ba nunar ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

A ganina, atisayen kansa ba shi da wata illa ga ɗan makaranta mai lafiya, tunda birgima ce da rarrafe a kan tabarma. Illar tana cikin jerin alamomin da bidiyoyin ke kawowa, waɗanda suka haɗa fitsarin kwance, tsoro, mummunan rubutu da rashin zama wuri ɗaya, har ya zama da wuya a sami gidan da ba zai ga ɗansa a ciki ba. Bidiyon kyauta data kawai yake ci, amma kwas da ganawa da masu tsarin a intanet da dala ko fam ake biya, kuma wanda bai taɓa jikin yaro ba ba zai san taurin tsokarsa ba. Ga ɗan makaranta mai rashin daidaiton motsi, lalurar da ake ƙiyasta tana shafar yara 5 zuwa 6 cikin 100, abin da masana suka fi amincewa da shi shi ne a horar da shi a kan aikin da ya gagare shi, ko ɗaura maɓalli ne, ko rubutu, ko cafe ƙwallo.

Mai tausa da magungunan gargajiya

Tausa mai laushi da man kaɗanya tana kwantar wa jariri da hankali, kuma uwa ma za ta iya yin ta. Matsala tana farawa ne idan aka ce za a miƙar da ƙafar da ta sandare da ƙarfi, domin ƙashin yaron da ba ya takawa ba shi da ƙwari, yana iya karyewa ko ƙugu ya goce. Tsaga tana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, hayaƙi yana cutar da ƙirji, jiƙon da ba a san ma'auninsa ba kuma yana wahalar da hanta da ƙoda. Kuɗin kowane zuwa kaɗan ne, amma ba shi da ranar ƙarewa, kuma idan aka ce iska ce ta taɓa yaro sai a shekara ana yawo ba a je asibiti ba. Addu'a kuwa ba ta cin karo da ganin likita, babu wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya.

Keken koyon tafiya na roba da ake zaunar da yaro a ciki bai cancanci dogon bayani ba. Ba ya gaggauta tafiya, yana kai yaro ga murhu da bakin rijiya, kuma Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Na katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi ya fi shi, muddin yaro ya riga ya fara miƙewa da kansa kuma akwai babba a kusa.

| Hanya | Gano sanadi | Hujja | Kuɗi | Sauƙi da ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jira da wasa a gida | A'a | Mai kyau ga lafiyayyen yaro | Babu | Mafi sauƙi | Asarar lokaci |
| Likita da gashi a asibitin gwamnati | E | Mafi ƙarfi | Matsakaici, ga kuɗin mota | Da wahala, amma amfanin yana zama | Kaɗan |
| Mai gashi a gida | Sai an haɗa da likita | Daidai da ƙwarewarsa | Mai yawa | Da sauƙi, idan aljihu ya jure | Faɗawa hannun marar lasisi |
| Atisayen intanet | A'a | Mai rauni | Daga data zuwa dala | Yana son naci na watanni | Ɓoye ainihin cuta |
| Tausa da gargajiya | A'a | Babu | Kaɗan-kaɗan ba iyaka | Kusa da gida | Karaya, ciwo, jinkiri |

Wace hanya ta dace da wane yaro

Jaririn da aka haifa lafiya, yana tsotso, yana murmushi, yana amfani da hannu biyu, kuma jinkirinsa bai fita daga tazarar da aka ambata ba, wasa a ƙasa da lura sun ishe shi, tare da tambaya a ranar rigakafi.

Jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani, ko bakwaini ne, ya ga likitan yara ko da bai nuna komai ba tukuna. Haka nan duk wanda hannunsa ke dunƙule ko wuyansa bai tsaya ba bayan wata 4, ko ya fifita hannu ɗaya kafin ya shekara, ko ƙafafunsa ke sandarewa suna harɗewa idan aka ɗaga shi, ko bai zauna ba a wata 9, ko bai taka ba a wata 18. Ga waɗannan, asibiti ne farko, gashi ya biyo baya, kuma iyalin da ke nesa ko hannunsu bai kai ba su nemi a tsara musu zuwa jefi-jefi tare da aikin gida na kullum, maimakon su yanke gaba ɗaya.

Yaron da ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko yake zabura a jere, ko mai sikila da ɓarin jikinsa ya saki farat ɗaya, a ranar za a kai shi sashen gaggawa.

Ɗan makaranta mai tuntuɓe da wahalar rubutu kuwa, a fara da gwajin ido da kunne, a duba barcinsa da abincinsa, sannan a sami mai gashi ko malami mai haƙuri ya horar da shi a kan aikin da ke ba shi wuya, a kuma bar shi ya yi langa da tsallen igiya da ƙwallo a tsakar gida. Idan bayan wannan iyaye suna sha'awar gwada atisayen intanet, su ɗauki na kyauta, su nuna wa mai gashi ya duba, su rubuta abu ɗaya da suke son ganin ya sauya, kamar hawa matakala ba riƙo, su kuma sa wa'adin wata uku da za su zauna su auna ko ya sauya kafin su biya ko sisi.